Ranar da Hammadu Ya Danne Ƙirjin Surukinsa

Idan ka shigo Kibiya ka ce a nuna maka gidan Hammadu, za a tambaye ka wane Hammadun. Amma in ka ce Hammadu mai kunya, ko akuya ka tambaya za ta nuna maka da ƙaho. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa shekara goma sha tara, ita ma ta zaizaye har in na yi ɗage ina ganin abin da ke cikin tukunyarsu. Don haka abin da zan faɗa a kansa ba a bakin kasuwa na tsinto ba. Ya roƙe ni kada in rubuta. Na ce masa to. Ga shi ina rubutawa.

A wata ruga bayan Lausu aka haife shi. Mahaifinsa yana da shanu sun kai talatin, sai wata shekara ciwon huhu ya shiga garken ya dinga yi musu ɗauki ɗai-ɗai, har ya rage saniya biyu da maraƙi. Tsohon bai jima ba shi ma ya bi bayan shanunsa. Hammadu yana saurayi ya saɓa sandarsa ya gangaro fadamar Fassi neman aikin lambu, alhali a lokacin bai iya bambance irin albasa da ciyawa ba. Ranar farko ya cire albasar ya bar ciyawar, fangali guda cur. Mai lambun, Malam Alu, ya zo ya tsaya a kansa ya zazzage masa faɗa tun hantsi har rana ta take, Hammadu na durƙushe bai ɗago ido ba. Da tsohon ya gaji sai ya ce, "Gobe ka dawo."

Ga wanda bai san Malam Alu ba, gajere ne mai farin gemu, muryarsa kamar injin niƙa ya haɗiyi tsakuwa. Ban taɓa jin ya yabi mutum ba. Ko liman ne ya ja sura mai daɗi, cewa zai yi ya cika tsawaitawa. Amma bayan shekara bakwai sai ga shi ya ba Hammadu 'yarsa Huseina, wadda dama kowa ya lura tana cika wa ɗan Fulanin ƙwaryar fura fiye da ta sauran ma'aikata. Dangi suka taso: ba shanu, ba gona, ba kowa nasa a kusa, me aka gani? Malam Alu ya ce, "Kunya aka gani. Shanu suna mutuwa, gona tana gajiya. Ranar da kuka ga yaron nan ya yi mini rashin kunya ku zo ku tuna mini, ni da kaina zan nuna masa hanyar Lausu."

Wannan maganar Hammadu ya ƙulle ta a haɓar rigarsa, ita ce duk abin da yake taƙama da shi a duniya. Tun daga ranar ɗaurin aure bai ƙara haɗa ido da Malam Alu ba. Lambu ɗaya suke aiki, amma in tsohon yana gabas to Hammadu yana yamma. In ya hango shi a hanya, tun daga taku arba'in zai tuɓe takalmi ya durƙusa, in kuwa da dawa a gefe sai ya shige cikinta. Wata rana ya shiga motar Kano ya zauna a baya, har an tashi sai ya gane hular da ke gidan gaba. Ya ce wa direba ya manta abu a gida, ya sauka ya tako da ƙafa. Ba abin da ya manta.

Ni kuwa na samu abin wasa, dama Jauro nake kiransa don tsokana. Muna zaune a ƙofar gida sai in ce, "Jauro, ga surukinka nan!" Kafin ya waiga ya riga ya kai gwiwa ƙasa. Sai ya duba ya ga jakina ne ke tahowa.

"Muntari, kai Kaɗon banza ne. Allah zai saka mini."

"Amin. Amma ka tashi, jakin ya amsa gaisuwar."

Shekara uku da suka wuce, gab da faɗuwar damina, aka yi shela cewa wata ƙungiyar likitoci daga Kano za ta zo, tana son mutum biyu daga kowace unguwa a koya musu yadda ake farfaɗo da wanda numfashinsa ya ɗauke. Mutane suka yi dariya, suka ce wanda numfashinsa ya ɗauke ai likkafani ake nema masa ba likita ba. Mai unguwa ya tura Hammadu don ya san ba ya iya cewa a'a. Ni kuwa na kai kaina, don na ji an ce za a dafa shinkafa.

Shugabarsu wata 'yar siririyar mace ce mai tabarau, Likita Asma'u. Ta sa aka shimfiɗa tabarma a harabar makarantar firamare, ta zuge wata jaka ta fito da mutum-mutumin roba, kai da ƙirji kawai, ba hannu ba ƙafa. Na yi masa sallama bai amsa ba, sai na raɗa masa suna Alhaji Shiru, sunan kuwa ya bi shi.

Likitar ta ce, "Ku ji ni da kyau, ba mu muke rayarwa ba, Allah ne mai rayarwa. Amma tsakanin ɗaukewar numfashi da fitar rai akwai ɗan lokaci, bai kai na tafasar ruwan shayi ba. A wannan ɗan tsakanin aikinku yake. Ni ina Kano, asibiti yana nesa, ku ne a kusa. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya."

Ta nuna mana. A kwantar da mutum rigingine a ƙasa mai tauri, a girgiza shi a kira shi, a duba ko ƙirji na motsi. In ba ya motsi, a ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗayan a kansa, a miƙe gwiwar hannu, a danna da nauyin jiki sau talatin, da sauri kamar mata biyu na lugude a turmi ɗaya. Sannan a tanƙwasa kai baya, a ɗaga haɓa, a toshe hanci, a hura iska a baki sau biyu. In daga ruwa aka tsamo shi, da hurawar ake farawa. In ka danna yadda ya kamata, Alhaji Shiru yana yin wani ƙas a ciki. Ni na danna sau talatin bai ce uffan ba. Likita ta ce, "Malam Muntari, ba tumatir kake latsawa ba."

Da aka zo kan Hammadu, ya durƙusa ya yi bisimilla, sai ƙas, ƙas, ƙas, yana ƙirga da Fillanci a hankali, go'o, ɗiɗi, tati. Da ya hura sai ƙirjin robar ya taso kamar fanke a mai. Likita ta gyara tabarau ta ce, "Malam, ka taɓa yin wannan aikin ne?"

Yana kallon tabarma ya ce, "Ga mutum dai a'a. Amma a ruga in saniya ta haifi maraƙi bai yi numfashi ba, mukan share masa hanci mu hura masa, mu murje shi da ciyawa. Wani ya tashi, wani bai tashi ba."

"To kai ne malaminsu," in ji ta.

Da shekara ta zagayo suka dawo, wannan karon da takardu. Suka bi gida-gida, lambu-lambu suna tambaya: wa ya taɓa faɗawa ruwa a nan, me kuka yi masa, ya tashi ko bai tashi ba? Mu kuwa muka dinga ba da amsa da alfahari. A gari, in an tsamo mutum daga kududdufi, turmi ake kwantarwa a kifa shi a kai a yi ta mirgina shi don ruwan ciki ya fito. A lambu da babu turmi, sai a gicciya shi a bayan jaki, kai na reto ta nan ƙafa ta can. Haka muka taras ana yi. Likita ta rubuta duka, ba ta ce komai ba sai ranar tafiyarsu, da ta tara mu ta karanto mana sunayen da mu da kanmu muka ba ta. Kusan duk wanda aka kifa a turmi ko a jaki, daga nan maƙabarta aka wuce da shi. Ta ce ba ruwan da ke ciki ne yake kashe mutum ba, rashin iska ne, kuma lokacin da ake ɓatawa wajen neman turmi shi ne lokacin da rai yake fita.

Kowa a wurin akwai nasa a cikin sunayen. Sai muka ji injin niƙa ya tashi daga baya. Malam Alu ne.

"'Yar nan, tun ba a haifi uwarki ba muke kifa mutane a turmi."

"Gaskiya ne, Baba. Nawa suka tashi?"

Ya karkaɗe rigarsa ya tafi. Na waiga neman Hammadu, ashe tun da ya ji muryar ya laɓe a bayan motar likitocin.

Shekara ta uku kuma manya suka bi. Suka je wajen hakimi, suka zauna da limamai, har aka faɗa a huɗubar Juma'a cewa danna ƙirjin wanda ya sume ba jayayya da ƙaddara ba ne, neman sa'a ne kamar shan magani. Da za su koma suka bar Alhaji Shiru amana a hannun Hammadu. Ran kasuwa sai ka gan shi ya goyo jakar a keke ya nufi tasha, direbobi da 'yan kamasho sun kewaye shi. Ya koya wa masu ban-ruwa, ya koya wa magina, ya koya wa Huseina, ita kuma ta dinga shiga gidaje tana koya wa mata. Mutumin da in ya yi maka sallama sai ka kasa kunne, sai ga shi yana ce wa ƙaton direba, "Miƙe hannunka, ba tuwo kake tuƙawa ba." Kusan duk lambun da ke fadamar Fassi ya kai Alhaji Shiru. Ɗaya ne bai kai ba, kun san wanne.

To, sai bazarar bana.

Ranar wata Talata da hantsi ana cirar albasa a lambun Malam Alu, ni ma ina wurin da jakina ina jiran a cika mini buhuna. A gefen gabas akwai wata faffaɗar rijiya da aka haƙa a fadamar, zurfinta ya shanye mutum da rabi, a bakinta injin ban-ruwa yake. Tiyon da ke zuƙo ruwa ya toshe. Malam Alu ya haura saba'in, amma ba ya yarda kowa ya taɓa masa inji. Ya gangara shi kaɗai da babbar rigarsa zai gyara, gaɓar ta rufta da shi. Ga ƙarar inji, ba wanda ya ji. Sai da ruwa ya daina zuwa fangali wani ma'aikaci ya je dubawa, ya tarar da hula tana yawo a kan ruwa.

Mutum biyu suka faɗa suka jawo shi ta rigar. Da aka shimfiɗe shi leɓɓansa sun yi baƙi, ido a kafe, ƙirji ba motsi. Wani ya ce, "A kawo jaki!" Kuma wallahi ni da na zauna a gaban Likita Asma'u shekara uku a jere, ni na jawo jakin. Aka ɗaga tsohon aka gicciya shi. Wasu har sun fara salati.

Sai ga Hammadu ya taho a guje daga yamma, yana tsallake fangali bibbiyu. Yana kawowa taku arba'in, ya ga ko wane ne a kan jakin, sai ya ja birki. Ya tuɓe takalmi. Ya durƙusa.

Na ce, "Jauro! Ba gaisuwa aka kira ka ba!"

Ya ce, "Muntari, kai ka yi. Ai tare muka koya."

"Ni shinkafa na je ci! Ka taso, mutuwa zai yi!"

Ya dubi mutane, kowa shi yake kallo. Akwai ƙannen Malam Alu biyu a wurin, cikin waɗanda suka ce me aka gani. Ban san abin da ya wuce a zuciyarsa ba, ni dai na ga ya rufe ido ya buɗe, ya miƙe, ya daka wata tsawa da ban taɓa sanin akwai ta a maƙogwaronsa ba.

"Ku sauke shi! A ƙasa, rigingine! Kai, je ka tsayar da mota a titi!"

Aka sauke. Rigar ta jiƙe ta nannaɗe wuya, ya sa hannu biyu ya yage ta har cibiya. Ya dafa goshin surukinsa, ya kama farin gemun nan ya ɗaga haɓar sama, ya toshe hancin, ya ɗora bakinsa a kan bakin Malam Alu.

Ɗaya daga cikin ƙannen ya ce, "A'uzubillahi! Kai, surukinka ne fa!"

Hammadu bai ko waiga ba. Ya hura, ƙirji ya taso. Ya sake hurawa. Ya haɗa hannu a tsakiyar ƙirjin ya hau dannawa, go'o, ɗiɗi, tati, gumi na ɗiga daga hancinsa. Ana cikin zagaye na biyu muka ji ƙas, wannan karon ba na roba ba ne, haƙarƙari ne. Wani ya ce ya isa haka, a bar bawan Allah ya huta. Hammadu ya ce, "Wanda ya taɓa ni sai na karya shi," ya ci gaba. Ni ban san zagaye nawa ya yi ba. Wasu sun ce biyar, wasu bakwai. A wurina kamar an yi wuni guda.

Sai tsohon ya yi wani gurnani, ƙafarsa ta harba. Hammadu ya yi maza ya juya shi gefe, tsohon ya dinga kelaya ruwa da taɓo da kunun safe. Ya ja iska da ƙara kamar tsohuwar zuga. Ya sake ja. Sannan ya buɗe ido, abin da ya fara gani kuwa fuskar Hammadu ce, tazarar ɗan yatsa tsakaninsu.

Wuri ya ɓarke da kabbara. Hammadu ya tsaya har aka ɗora tsohon a a-kori-kura, yana ta nanatawa cewa ko ya ce ya warke kada a saurare shi, a wuce da shi asibiti a Rano, haka likita ta ce. Motar na tashi, ya juya ya yanki daji. Takalmansa ni na kawo masa gida.

Kwana shida Malam Alu ya yi a asibiti, haƙarƙari biyu sun tsage, huhu kuma sai da aka yi masa magani. Duk garin nan an je dubiya, ban da mutum ɗaya. Ya dai dinga aika Huseina da nono. Da aka sallamo tsohon ya zauna a zaurensa ƙirji a ɗaure yana karɓar 'yan barka, ya yi wa kowa faɗa daidai gwargwado, amma ko sau ɗaya bai ambaci Hammadu ba. Bai gode ba, bai zaga ba. Shirun nan shi ya fi komai cin Hammadu.

Ga kuma bakin mutane. Wasu na cewa jarumi ne. Wasu kuwa, musamman ƙannen nan, cewa suke an yaga wa dattijo riga a bainar jama'a, an ja masa gemu, an karya masa ƙashi, an sa masa baki a baki, in wannan ba rashin kunya ba ne to mene ne? Ko da za a yi, ai da wani ya sa ya yi.

Hammadu ya daina zuwa lambu, ya daina zuwa tasha. Wata safiya ina ba jakina dusa sai na ga jaka ta leƙo ta saman katanga.

"Muntari, karɓi. In likitoci sun zo ka mayar musu."

"Ni ba na karɓar baƙon da ba ya amsa sallama. Ina za ka?"

"Ina tunanin komawa Lausu. Gara in tafi da ƙafata kafin a nuna mini hanya."

"Kai Jauro, mutum ya ceci rai sannan ya yi gudun hijira? To da ya mutu fa, sarauta za a ba ka?"

"Ba za ka gane ba. Ku Haɓe ba ku san kunya ba. Abu ɗaya ya gani a wurina ya ba ni 'yarsa, shi kuma na zubar a gaban ƙannensa."

Sai muryar Huseina ta fito daga madafa, ludayi a hannu. "Malam, in da ka tsaya a durƙushe ka bar Baba ya mutu, da wane ido za ka kalle ni? Ko ni ba a jin kunyata? Kuma jakar nan amana aka ba ka hannu da hannu. In mayarwa za ka yi, kai za ka kai da kanka."

Bai iya musu da Huseina ba, ba a taɓa yi ba. Sati uku bayan abin, likitocin suka zo taronsu na shekara, muka sa shi a tsakiya muka tafi, yana rungume da jakar kamar mai kai gawa. Harabar makarantar ta cika fiye da kowace shekara, don labari ya kai har Rano. Muna shiga ya tsaya cak. A layin gaba, kan kujera, ga Malam Alu da sandarsa. Na riƙe wa Hammadu riga ta baya don na san halinsa.

Likita Asma'u ta fara da bayanin abin da ƙungiyarsu ta yi a shekarar, garuruwan da suka ƙara shiga, da makarantun da suka yarda a riƙa koya wa malamansu. Sannan ta ce, "Amma duk wannan bai kai labarin da na ji daga fadamar Fassi ba. Malam Hammadu, matso. Muna rubuta duk wanda aka farfaɗo da shi, don mu nuna wa hukuma aikin nan ba wasa ba ne. Wa ka ceto?"

Ita 'yar birni ce, ta manta cewa a wurinmu suruki ba ya kama sunan surukinsa. Hammadu ya sunkuyar da kai.

"Mai lambu ne."

"Sunansa fa?"

"Wato... baban mutanen gidana."

"Malam, suna nake so in rubuta."

Ya buɗe baki ya rufe, gumi ya keto masa. Mutane suka fara ƙyalƙyala dariya. Sai Malam Alu ya dogara sanda ya miƙe a hankali, hannu ɗaya dafe da ƙirji.

"'Yar nan, rubuta Alu. Alu mai albasa." Ya juyo ya fuskanci jama'a, ya nemo ƙannensa da ido. "Kun gani ko? Ya hau ƙirjina, ya karya mini ƙashi biyu, amma sunana ya gagare shi. Sati uku ina zaune ina jin masu cewa kunyarsa ta zube a rijiya, na yi shiru ne in ga iyakar bakinsu. Ku da kuke wurin, me kuka yi mini? Kun ɗora ni a jaki kamar buhun taki. Marar kunya shi ne wanda zai tsaya yana kallon surukinsa na mutuwa don kada a ce ya taɓa shi."

Ya juya wajen Hammadu, wanda tuni ya kai ƙasa.

"Kai kuma, wa ya ba ka hutu? Albasa na can tana ruɓewa. In ƙashin nan ya kama, ka kawo wannan gurgun abin lambuna ka koya wa kowa. Da ni za ka fara. Surukai uku gare ni, ban san wanda zai faɗa rijiya ba."

Jakar dai ba a mayar ba.

Sai da ruwan farko ya sauka aka yi shuka sannan ƙashin ya kama. Ranar wata Asabar aka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron lambun, ma'aikata suka kewaye, har da ƙannen nan biyu a tsaye can baya suna yi kamar wucewa suka zo yi. Malam Alu ya naɗe hannun riga ya durƙusa a gaban Alhaji Shiru. Hammadu na gefe, idonsa a kan tabarma, yana bayani da muryar da sai ka matso za ka ji. Tsohon ya ɗora hannu ya hau dannawa, amma a kan ciki ya ɗora, ba a ƙirji ba. Ya danna sau goma ba ƙas. Kowa ya gani, ba mai iya faɗa. Ni ma da bakina ba ya zama, ranar na kama shi, ina so in ga abin da Jauro zai yi.

Sannan ya matso da gwiwa, ya miƙa hannu ya kama hannayen surukinsa biyu, ya ɗaga su ya mayar tsakiyar ƙirjin.

"Nan ne, Baffa. Ka miƙe gwiwar hannu. Da ƙarfi."

Malam Alu ya harare shi ta gefen ido, ya ce, "To, malam." Ya danna, robar ta ce ƙas.